Shirun Ɗaki Na Tara

Yatsan Dogo na kan linzamin kwamfuta yana ta dannawa, "Na gani," "Na gani," "Na gani," amma idonsa ba ya kan allon ko kaɗan. Idon yana can bayan gilashin da ya raba ɗakin sa ido da ofishin shugaban sashe, inda Manaja ke tsaye yana gyara wa ƙanen Dogo wuyan riga da hannunsa, kamar mai shirya ɗan makaranta ranar karɓar kyauta.

"Dogo, wuyanka zai ƙage fa," in ji Rediyo, abokiyar aikinsa da ke kujerar hagu. Shekara tara suna zama kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa jin ta yi shirun minti biyar ba, shi ya sa sunan ya bi ta. "Ba ƙanenka ba ne? In kallo ne, ka bari ku koma gida ka kalle shi ka ƙoshi."

"Aikina nake yi."

"Da ƙeya?"

Ya ƙara danna uku a jere, tarin saƙonnin masu launin rawaya suka ɓace daga gefen allo, 'yar ƙarar da ke ta tsiwa ta ɗauke.

Kamfanin na ajiyar kayan sanyi ne. Ɗakuna ashirin da huɗu ne a jere cikin wani dogon gini, kowanne da na'ura a bangonsa, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ita ke auna sanyi, ita ke ba injin sanyaya umarni, ita ke lura da ƙofa. Duk bayan minti biyu kuma sai ta aiko saƙo ta layi zuwa wannan ɗakin: ina nan, sanyina kaza, ƙofata a rufe. Da safe, lokacin lodi, saƙonnin buɗe ƙofa kan zubo kamar ruwan sama. Ka'idar ɗakin ɗaya ce, ko sabon ma'aikaci ita ake fara karanta masa: wanda ya danna "Na gani", saƙon ya koma wuyansa. Ƙararrawa za ta yi shiru, lambarsa ta shiga rumbun bayanai, ba kuma mai iya goge ta.

Shekara goma sha huɗu ke nan Dogo yana wannan kujera. Shekara biyun ƙarshe ma kusan shi ke riƙe da sashen, tun da tsohon shugaba ya kwanta jinya. Mabuɗin akwatin manyan kwamfutoci, mai jan igiya, a wuyansa yake kwana. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Har matarsa ta fara kiransa Oga in za ta miƙa masa ruwa.

Sai ga Auta, ƙanensa.

Shi Dogo da kansa ya kawo shi shekara shida da suka wuce, ya zaunar da shi a gefensa, ya koya masa karatun allo kamar yadda ake koya wa yaro tatata. Auta ya ci gaba da karatu bayan tashi aiki, ya dawo da takardu, ya kuma rubuta sabuwar manhaja da ke tace saƙonni. Maimakon dubunnan layuka da ke gudu ba tsayawa, yanzu akwatuna ashirin da huɗu ne a allo, kore shar, ba sa motsi sai in wani abu ya canza. Dogo ya raɗa mata suna Rariya. Ranar da aka tara ma'aikata a koya musu ita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni za a koya wa karatun allo? Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi." Ya fice abinsa.

Mako uku da suka wuce, jan igiyar ta koma wuyan Auta. Riƙon ƙwarya ne dai. Yau mutanen babban asibiti, masu ajiyar magunguna a nan, za su zo ganin sabon tsari. In sun gamsu sun sabunta yarjejeniya, a tabbatar masa da kujerar.

Wayarsa ta yi kugi a kan tebur. Inna ce.

"Ka ga ƙanenka kuwa? Ya fita bai sa komai a cikinsa ba."

"Ni ma ban ci komai ba, Inna."

"Kai ai babba ne. Ka tsaya masa yau, ka ji? Ya ce manyan baƙi ne. Yaron nan tun yana goye na san zai yi nisa."

"Ni fa, da nake goye?"

"Kai kuka ka cika. To, Allah ya yi muku albarka."

Ya ajiye wayar da ɗan ƙarfi. Rediyo ta ƙyalƙyale da dariya, don kunnenta ba ya barin komai ya wuce.

"Autan Inna shalele! Ka yi haƙuri Dogo, mu manyan gida haka muke, jakin kowa. Ni ƙanwata in ta yi atishawa sai a tara dangi. Ni na karye a ƙafa, cewa aka yi ina na kai ƙafar."

Ya juya kan allonsa don ya huce. A kusurwar ƙasa akwai 'yar taga da Auta ya bar masa, inda tsofaffin layukan ke gudu ɗanye, yadda ya saba. Ba karanta su yake yi ba. Saurarensu yake yi da ido, kamar mai jin takun 'ya'yansa a tsakar gida. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Shida, bakwai, takwas. Goma.

Ya gyara zama.

Ya jira zagaye na gaba. Bakwai, takwas, goma.

Ya ɗaga ido sama. Akwatin ɗaki na tara kore ne shar, digiri huɗu, lafiya lau. Ya buɗe shafin ɗakin. Can ƙasa, da ƙananan haruffa: saƙo na ƙarshe, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu. Ya dubi agogon bango. Goma saura minti tara.

Na'urar ta mutu. In kuwa ta mutu, injin sanyin ya tsaya, don ba mai ba shi umarni. Ɗaki na tara kuma shi ne na asibiti, kwalayen allurar masu ciwon sukari ne jibge a ciki. In zafinsa ya haura digiri takwas, sai dai a zubar.

Hannunsa ya kai kan oba-oba, wayar kiran ma'aikatan gini, kafin ma ya yi tunani. Babban yatsansa ya hau maɓallin magana.

Dariya ta ratso gilashi. Manaja ne ke dafa kafaɗar Auta, jan igiyar na lilo a ƙirjin sabuwar riga.

Dogo ya janye yatsan a hankali.

To ga Rariya nan. Canji kawai take nunawa, gawa kuwa ba ta canzawa. Za ta yi ta nuna kore har ɗakin ya zama gidan burodi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bene ba zai hango ba. Ya yi lissafi cikin sauri, irin lissafin da shekaru suka koya masa. Ɗaki rufaffe, mai kaurin bango, daga huɗu zuwa takwas sai ya ci awa uku. Wato har sha biyu da 'yan mintuna ba abin da zai taɓa maganin. Baƙi kuma ƙarfe goma sha ɗaya za su shigo nan. Zai bari Auta ya gama zuba turancinsa, sannan ya miƙe a natse ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba ɗaki na tara." A ruga, a gyara, magani ya tsira. Ba wanda zai cutu. Kowa dai zai ga wanda ya san aiki.

Ya rufe shafin.

"Lafiya? Ka yi wani zuru kamar wanda ya haɗiyi ƙashi," in ji Rediyo.

"Lafiya lau."

Ƙarfe goma da minti biyar ya sake buɗe shafin. Tara da sha huɗu, ba ta motsa ba. Ya rufe. Goma da kwata ya sake. Wayarsa ta yi haske, saƙon matarsa ne: "Ka gaida min mijina ƙarami, ka ce yau in ya ci kujera ni ce uwargidan shugaba, kai sai ka nemi wata." Har da hoton fuska mai dariya. Kullum haka suke wasa da Auta, da can ma shi ke taya su. Yau ya kifa wayar.

Auta ya leƙo, ƙamshin sabon turare ya riga shi shigowa.

"Yaya, komai daidai?"

"Ga allonka nan, ba kore ba ne?"

"Kore ne." Ya yi murmushi, ya shafa wuyan rigarsa. "Ka ga hannuna?"

Ya miƙo hannun, yana rawa kuwa. Hannun nan ne Dogo ya riƙe ranar farko da ya kai shi makaranta.

"Shugaba ba ya rawar hannu," ya ce.

"Kai dai Yaya." Auta ya yi dariya ya fita.

Sha ɗaya ta yi, ba baƙi. Oba-oba ta ce sun iso, amma Manaja ya fara zagayawa da su wajen janareta da sabbin motocin sanyi. Sha ɗaya da minti goma. Dogo ya buɗe shafin, ya rufe. Gumi ya tsattsafo masa a ɗakin da ke da sanyi kamar cikin randa. Har yanzu da sauran awa guda, ya faɗa wa kansa. Lissafinsa bai taɓa ba shi kunya ba.

"Wai mene ne a ɗaki na tara kake ta leƙawa?" Rediyo ta miƙo wuya. "Budurwa ka ajiye a ciki?"

"Ki ji da naki ɗakunan."

"Iko sai Allah. Yau kuma cizo ake yi."

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar ƙofa ta buɗe. Manaja ne a gaba da kwat ɗinsa, sai Auta, sai wata mata mai farin gilashi da fayil a hammata. Ita ce shugabar sashen magunguna ta asibitin. Ba ta yi kama da mai saurin gamsuwa ba.

Auta ya fara bayani. Muryarsa ta ɗan yi rawa da farko, sannan ta zauna. Ya nuna akwatunan, ya nuna yadda saƙo ke tasowa daga bangon ɗaki ya iso nan cikin ƙiftawar ido, ya nuna yadda ake ware na gaggawa daga na yau da kullum. Manaja sai gyaɗa kai yake yi kamar shi ya haife shi. Dogo ya dafa hannun kujera, ya shirya miƙewa.

"Duk na ji," matar ta ce. "Amma wannan ai sai na'urar tana da rai. In ita kanta ta mutu fa? Wa zai faɗa muku?"

Kamar ta karanta zuciyarsa. Dogo ya gyara murya, har ya ɗaga rabin jiki.

"Wannan tambayar, ranki ya daɗe, yayana ne ya amsa ta tun shekara shida da suka wuce," in ji Auta, ya nuno shi da hannu biyu. "Ga shi nan. Duk abin da na sani a ɗakin nan shi ya koya min. Ranata ta farko ya ce, kada ka ji tsoron na'urar da ke ihu, ka ji tsoron wadda ta yi shiru, don shiru ma magana ce. Shi ya sa na sa doka a cikin manhajar, na ma raɗa mata suna Kunnen Yaya. Duk na'urar da ta yi shirun minti goma, saƙo zai faɗo wa ma'aikacin da ke kula da ita. In ya danna 'Na gani', ya ɗauki nauyi ke nan, zai tura a duba. In minti biyar ta wuce ba wanda ya danna, jiniya za ta tashi a duk ginin, wayata da ta Manaja su yi ta ruri."

Dogo ya tsaya a haka, rabi a tsaye, rabi a zaune.

"Bari ma in nuna miki shafin. Yau ba komai a ciki, amma za ki ga yadda..."

Auta ya danna. Shafin ya buɗe a babban allon bango, inda ko makaho zai lalubo. Layi ɗaya ne tal a ciki.

Ɗaki na tara. Shiru tun 9:14. An aika saƙo 9:24. An gani 9:24. Lamba 014.

Ba wanda ya tambayi mai lamba sha huɗu. Tana nan rataye a ƙirjin Dogo, a jikin katin aikinsa. Tara da ashirin da huɗu, lokacin da Manaja ke gyaran wuyan riga. Da yatsansa ya toshe bakin jiniyar, idonsa na bayan gilashi.

"Tara?" matar ta ce, ta cire gilashinta. "Ba shi ne namu ba?"

Kujerar Dogo ta bugi bango. Bai san lokacin da ya sauka matakala ba. Ya bi dogon barandan da gudu, oba-oba a bakinsa yana ihu, "Masu gyara, ɗaki na tara! Masu lodi, ku buɗe na goma! Yanzu, yanzu!" Takun mutane na biye da shi.

Tun daga nesa ya ga abin da lissafinsa bai gani ba.

Ƙofar ba a rufe take ba. Wani katakon ɗora kaya ya tokare ta, ta bar tazarar da mutum zai ratsa a karkace. A bango kuma akwatin na'urar ya lotse, wayoyi sun zazzago. Motar ɗaga kaya ce ta goge shi da safe, direban bai ko ji ba. Da na'urar na da rai, da ta yi ta kururuwar buɗaɗɗiyar ƙofa. Awa uku na rufaffen ɗaki ne. Wannan kuwa tun safe yake shaƙar iskar waje.

Ya ture katakon da ƙafa ya faɗa ciki. Sanyin da ya saba marin fuska ya zama wani sanyi-sanyi kawai. Ruwa na ɗiga daga bututun sama. Ya fizgo ma'aunin hannu daga ƙugiya, ya kai shi can ƙurya: bakwai da rabi. Ya dawo bakin ƙofa. Goma.

"Na ciki tukuna! A kwashe na ciki, su ne za su tsira!"

Aka yi layi, kwali na bin hannu zuwa hannu har ɗaki na goma. Masu lodi, masu gyara, Rediyo da ta tuɓe takalmanta masu tsini, har Manaja da ya jefar da kwat a ƙasa. Auta na kusa da Dogo, yana karɓa daga hannunsa yana miƙawa gaba. Sabuwar rigar ta jiƙe sharkaf, ta yi baƙi da dattin kwali. Ba wanda ya dubi wani a cikinsu. Wani mai gyara ya ja sandar kunna injin da hannu, fankokin suka yi gurnani suka tashi.

Minti ashirin aka gama. Matar asibitin ta bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na da 'yar takarda manne a gefe, mai ɗigon da ke rinewa in zafi ya taɓa shi. Na ƙurya duk fari ne. Ta zo kan layin da ke bakin ƙofa, ta tsaya. Ta ware ɗaya, biyu, har shida.

"Waɗannan sun tafi," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Na ɗakin yara ne. Ranar Litinin iyaye za su yi layi a tagata, sai in ce musu me? Da an zo awa ɗaya kafin yanzu, da ko ɗaya ba a rasa ba."

Awa ɗaya. Dogo ya ji maganar ta sauka a tsakiyar kansa.

Ta mayar da gilashinta, ta ce wa Manaja ba za ta sa hannu a komai ba sai ta ga rahoto a rubuce. Da motarta ta fita, Manaja ya juyo kan Auta yana huci, taye a karkace.

"Ko dai manhajarka ce, ko yatsan yayanka. Ɗaya zan rubuta wa masu kamfani, kuma wanda na rubuta, ya san sauran. Ƙarfe biyu nake son rahoto."

"Ni zan rubuta, ranka ya daɗe," in ji Auta.

Biyu saura kwata Auta ya aiko a kira Dogo. Karo na farko ke nan da Dogo ya taka ofishin tun da aka canza mai shi. Kujerar ce dai, har da ɗan yagewar da ke hannunta na dama, wanda shi ya yi da maɓallin agogonsa. Auta na kanta, ya naɗe hannun riga.

"Rufe ƙofar, Yaya."

Ya rufe. Ya riga ya shirya maganarsa tun a matakala.

"Ka san yadda safiya take. Saƙonnin ƙofa sun taru, duk rawaya, ya shige a cikinsu. Kuskure ne, ko wa..."

"Na sani. Wannan kuskure ne."

Auta ya juyo masa da allon kwamfutar.

"Wannan fa?"

Wani shafi ne da Dogo bai taɓa gani ba. Lamba 014 ya buɗe shafin ɗaki na tara, 9:51. Ya buɗe, 10:05. Ya buɗe, 10:15. Haka suka jeru har bakwai, na ƙarshe sha ɗaya da minti goma sha tara.

"Manhajar tana rubuta duk shafin da aka buɗe," in ji Auta. "Na faɗa ranar koyar da ita, da ka fita. Yau kam na yi da-na-sanin sa mata wannan."



"Sau bakwai, Yaya. Na leƙo na tambaye ka, na nuna maka hannuna. Me na yi maka?"

Dogo ya dubi jan igiyar. Ya nemi laifi guda, ko ƙarami ne, wanda zai ɗora a tebur. Rashin kunya, ko gori, ko kallon banza. Ya lalube shekara shida kaf bai samu ba.

"Ba ka yi min komai ba," ya ce. "Shi ne abin."

Auta ya mayar da allon, ya jawo takarda daga injin bugawa ya tura masa.

Rahoton gajere ne. Saƙon shirun na'ura ya fito da launin rawaya, da ƙara iri ɗaya da ta buɗe ƙofa, a lokacin da irinsu suka fi yawa. Ya kamata a ce ja ne, da ƙararsa daban, kuma kada dannawa ɗaya ta kashe jiniya. Wannan aibin tsari ne, wanda ya tsara shi ne ke da alhaki. Ba a ambaci shafin nan mai layi bakwai ba. A ƙasa, sa hannun shugaban riƙo.

"Ba ƙarya a ciki," in ji Auta. "Ka duba, ko kalma ɗaya."

"Za su karɓe kujerar."

"Manaja ya ce in ajiye mabuɗi har a gama bincike." Ya ciro igiyar ta kansa, ya ajiye a tebur. "Ni aibin manhaja ne, gyara za a ce in yi, in ta yi tsanani in koma kujerata ta da. Kai in suka ga wancan, kora ce, kuma ba kamfanin da zai sake ba ka allo. Yaranka uku. Inna kuma ba za ta ji wannan daga bakina ba."

Mabuɗin na nan tsakaninsu, ko miƙa hannu Dogo ba sai ya yi sosai ba. In an dakatar da Auta, wa za a ba riƙo in ba mai shekara goma sha huɗu ba? Abin da ya kwana yana nema mako uku, ga shi an ajiye masa.

Ya jira ya ji daɗi, ko kunya, ko godiya. Abin da ya taso masa sai ya ba shi tsoro, don tsohon abin nan ne dai, bai ko rage zafi ba. Ya dubi ƙanensa, rigar ta lalace, ido ya yi ja, ya zauna daram a kan hukuncin da ya yanke wa kansa. Har a nan ma yaron ya fi shi.

Ya fita.

A ɗakin sa ido an sauya na'urar, akwatuna ashirin da huɗu sun koma kore. Rediyo na zaune da takalmanta a hannu. Ta dube shi, ta dubi allonsa, ta kau da kai. Ita ce ta tambaye shi ko budurwa ya ajiye a ɗaki na tara. Yau ga minti biyar sun wuce, har goma, ba ta ce uffan ba.

Littafin miƙa aiki na gefen tebur, babba mai baƙin bango, wanda ya girmi duk manhajojin ginin. Kowane ma'aikaci da hannunsa yake cika shi kafin ya tashi, ƙarfe uku kuma a kai wa Manaja ya karanta layi-layi. Dogo ya jawo shi, ya buɗe shafin yau. Ɗaki: tara. Matsala: na'ura ta yi shiru. Sai gurbi na uku, lokacin da ma'aikaci ya lura. Na huɗu, lokacin da ya ɗauki mataki.

Wayarsa ta fara kugi. Inna. Ya bar ta tana zagaya kan tebur.

Ta gilashi ya hango Auta ya miƙe da takardarsa zai nufi ofishin Manaja, wuyansa ba igiya. Dogo ya cire murfin biro da haƙori. A gurbi na huɗu ya rubuta 11:31. Ya koma na uku, ya danna biron sosai yadda ko an juya shafin za a ga sawunsa: 9:51.

Ya sa hannu, ya rubuta lambarsa.

"Uku ba ta yi ba," Rediyo ta ce a hankali, ganin ya miƙe da littafin a hammata.

"Na sani. So nake in riga shi shiga. Ki riƙe min ɗakunana."

A kusurwar allonsa layukan na ta gudu. Bakwai, takwas, tara, goma.